Ni Kaɗai Kaka Ya Auna a Tsaye

Ranar sadakar uku ta Kaka, mahaifin mahaifiyata, wasu mata suka shigo garinmu daga gidajen Maguzawa da ke bayan Malumfashi, kowacce da fartanya a kafaɗa. Mazan da ke zaune a ƙofar gida suka bi su da kallo. Rani ne, babu abin nomewa, kuma ba a saba ganin mai zuwa gaisuwar mutuwa da kayan gona ba. Babbarsu ta durƙusa ta gai da liman, sannan ta juyo wajenmu ta ɗaga tata fartanyar.

"Wagga ƙota shi ya sassaƙa mani ita tun ina goyon fari," in ji ta. "Ƙarfe ya cinye an sake, ya cinye an sake, ita tana nan. Muka ce bari mu taho da su a yi gaisuwar tare."

Liman ya ce Allah shi ba da lada. Suka jingine fartanyoyin a jikin rumfar da Kaka yake aiki, suka shige cikin gida wurin mata.

Maƙerin garinmu yana zaune can gefe shi kaɗai. Maƙerarsa tana jikin rumfar Kaka, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta faɗi ba su yi musu a kan wanda ya ɓata wa wani aiki ba. Sai da aka shafa fatiha ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mutumin nan ya tafi bai taɓa yarda ƙarfena ya fi itacenshi ba." Daga nan ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ɗauki tsintsiya za ta share ɓawon itacen da ya bari a rumfa, ta yi shara ɗaya, ta tsaya, ta mayar da tsintsiyar inda ta ɗauko ta. Ƙannena da sauran jikoki kuwa suka yi abin da jikoki ke yi idan tsoho ya cika da kyau. Ɗaya ya saka tsohuwar rigarsa, ya rataya gizagonsa a kafaɗa, yana tafiya a gwame kamar yadda yake yi, yana tare masu gaisuwa yana cewa su duƙa ya gani. Mutane suna dariya suna share hawaye. Aka ce ni ne babban jika, ni ya kamata in ja wasan. Ban iya ba.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da yake cina wanda sauran jikokin ba su sani ba sosai. Akwai lokacin da Kaka ya daina yi mini tsiya. Wanda bai tashi a hannun kaka ba zai ga wannan ba wani abu ba ne. A wurinmu kuwa jika da kaka da tsokana suke gaisawa, kuma ranar da kakanka ya fara girmama ka, to ya ajiye ka. Na daɗe ina kwana ina tashi da tsoron zai mutu yana ce mini ranka shi daɗe.

Masassaƙin ƙota ne. Bai yi turmi ba, bai yi kujera ba, bai yi akushi ba. Ƙotar fartanya, ƙotar garma, ƙotar gatari, shi ke nan aikinsa har ya koma ga Allah. Gajere ne kakkaura, ga gwame, ga goro kullum a kumatu. Itacen marke ya fi so. Yakan sare shi da rani ya jera a kan rumfa, ba zai taɓa shi ba sai shekara ta zagayo, kuma kafin ya sa gizago sai ya sunsuna itacen kamar mai sayen daddawa.

A bayan rumfarsa akwai wasu 'yan kunyoyi da ba a taɓa shuka komai a kansu ba. Duk wanda ya zo neman ƙota, namiji ko mace, talaka ko mai unguwa, sai ya je nan ya duƙa ya yi noma da wata tsohuwar fartanya, Kaka yana tsugune yana kallon bayansa da kafaɗunsa da inda hannunsa ya kama. Sai ya gamsu zai tashi ya ɗauko itace. In ka ce kana sauri ya dai duba tsawonka, sai ya ce, "Ni ban taɓa ganin mai noma a tsaye ba." Wani mai hali ya taɓa aiko bara da igiya, wai ga tsawon maigida. Kaka ya mayar da igiyar ya ce a ɗaure akuya da ita.

Ni ɗan fari ne, don haka ana yaye ni aka kai ni gidansa. A can na tashi, kuma tun ina ƙarami tsawo ya same ni kamar da gayya. Gwangwala yake kirana. Yakan ce lallai rake Inna ta yi ta sha da cikina. Ƙofar zaurensa gajeriya ce, daidai shi, kuma duk lokacin da na buga kai a jikinta sai ya taso da sauri ya shafa dogarin ƙofar ya ce, "Sannu, ƙofa." Ni kuma Turmi nake ce masa. Ina ce masa ranar da ya gaji da tafiya ya faɗa mini in saka shi a aljihu. Da na yi aure ya dubi amaryata ya ce, "Matata, kwantar da hankalinki, zan sassaƙa maki tsani don ki riƙa samun yi mashi magana."

Alherinsa na farko da na riƙe shi ne wanda ya yi mini da aka mayar da ni gidan Baba lokacin da na isa shiga gona. Baba ya ba ni tsohuwar fartanyarsa. Kafin hantsi ya dubi ludayi bayana yakan ɗauki wuta, in miƙe in riƙe ƙugu, ƙannen Baba suna gaba suna ta ja. Baba ya yanke hukunci cewa ni rago ne, kuma sunan ya fara bina. Wata rana Kaka ya biyo ta gonar kamar mai wucewa, ya tsuguna a gindin dorawa yana kallona. Bai ce wa Baba komai ba, tun da suruki ne. Ya dai karɓi fartanyar ya tafi da ita, ya dawo da ita da sabuwar ƙota. Inna kaɗai ya gaya wa: "Yaron ba rago ba ne, fartanyar ce ba tashi ba." Daminar nan na yi noma har Baba ya daina ambaton ragwanci, ko da yake bai taɓa cewa ya janye ba.

Daga baya aka kai ni makaranta, na ƙare a makarantar koyon aikin gona. Ana samun mulkin kai ba da daɗewa ba aka turo ni Funtua a matsayin malamin gona. Aikina auduga ce da garmar shanu. Muna bin kasuwanni muna nuna wa manoma yadda shanu biyu za su yi huɗar da mutum goma za su wuni a kanta.

Wata ranar kasuwar Malumfashi na hau bayan motar ofis ina bayani. Na ce gajeriyar ƙota ce ta karya bayan kakanninmu, ta tsufar da su tun ba su tsufa ba. Na ce wanda Allah ya hore wa shanu biyu ya rataye garmar hannu ya huta. Ban san Kaka yana cikin taron ba da damin ƙotocinsa, don mutum gajere ba ya ganuwa a cikin jama'a. Sai na ga mutane suna waiwayawa wuri ɗaya suna dariya. Kafin in sauko ya ɗauki daminsa ya tafi.

Har yau ban janye maganar nan ba. Na ga matan da ba su wuce arba'in ba sun ranƙwafa. Gaskiya na faɗa, kuma da za a sake tara kasuwar zan sake faɗa. Shi ma ta wurinsa yana da gaskiya, domin duk rayuwarsa ya ƙarar da ita ne don kada ƙota ta karya bayan kowa, sai ga jikan da ya goya ya hau mota ya haɗa shi da masu ɓarnar.

Da na je gida ƙarshen mako, yana hango ni ya miƙe. Ya shiga ya ɗauko tabarmar baƙi ya shimfiɗa, ya koma ƙasa ya zauna.

"Ranka shi daɗe, Malamin Gona. An zo lafiya?"

Na yi dariya na ce, "Turmi, yau kuma wane salo ne wannan?"

"Haka ne, ranka shi daɗe."

Na ɗauka wasa ne sabo, na biye masa. Da zan shiga cikin gida na buga kai a ƙofar zaure kamar kullum. Ya taso da sauri, har raina ya yi fari, sai ya wuce ƙofar ya tsaya a gabana ya ce, "Sannu, ranka shi daɗe. Za a sa a ɗaga ta." A nan na san abin ya yi tsanani.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, muna a haka. Na kai masa goro, ya karɓa da hannu biyu ya yi mini addu'a irin wadda ake yi wa hakimi. Na kai masa riga, ya ninke ya ajiye. Na tsokane shi ta kowace hanya da na sani, har a gaban mutane, ko zai fusata ya rama. Ya dai sunkuyar da kai ya ce haka ne. Sauran jikoki kuwa yana nan yana yi musu tsiya a gabana, ina zaune a tabarmar baƙi kamar mai karɓar haraji. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma nima zuciya ta hana ni in ce na tuba a kan abin da ban ga laifinsa ba. Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai in tana hira da matata ta ɗaga murya yadda zan ji: "Ki gaya wa mutumin gidanku kakansa fa tsufa yake yi."

A tsakanin nan ne Baturen ofishinmu zai koma ƙasarsu, ya bar mini jakar sandunansa na wasan golf. Akwai filin wasan a bayan unguwar Turawa a Funtua, kuma ma'aikata 'yan ƙasa sun fara shiga. Wasan dai ƙaramar farar ƙwallo ce ake bugawa da sanda daga nesa har a kai ta wani ɗan rami, a ciro ta a nufi rami na gaba. A filinmu babu ciyawa a bakin ramukan, yashi ne aka cuɗa da baƙin mai aka daddale. Na shiga ne don kada a ce na ƙi, amma ba zan ɓoye ba, wasan ya shiga raina. Bayan wuni ana hayaniya da manoma, tafiyar nan ta la'asar tana sanyaya mini zuciya.

Matsalar ita ce Baturen gajere ne. Sandunan bugun nesa na iya maneji da su, don kana kaɗawa ka miƙe. Amma akwai sanda ɗaya da ake tura ƙwallo cikin rami da ita idan an matso kusa, wadda muke kira sandar rami. Da ita sai ka duƙa ka daɗe kana saiti, kuma ita ce aka fi ɗauka a duk wasan. Tawa tsohuwa ce, kanta ƙarfe, jikinta itace. In na kama ta sai na naɗe kamar mai kalar gyaɗa. Ba a jima ba ciwon bayan nan na gonar Baba ya dawo, a daidai wurin da na san shi. Wata safiya na kasa ɗaure takalmi.

Matata tana shafa mini man zafi ta ɗauki sandar ta jujjuya ta.

"Malam, wannan ai ƙota ce."

"To?"

"To wa ke yin ƙota?"

Na gane ba bayana kaɗai take son gyarawa ba. Ranar Asabar na ɗauki sandar na nufi gida.

Kaka ya karɓe ta da hannu biyu. Ya duba inda itacen ya shiga ƙarfen, ya sunsuna, ya ɗan gyaɗa kai. Ya tambaye ni aikinta, na yi masa bayani. Maƙeri ya leƙo daga maƙera ya ce, "Manya da hankalinsu ke bin ƙwallo rami-rami?" Ni kuwa har na fara naɗe ƙafar wando, don na san abin da zai biyo baya. Zai ce in je bayan rumfa in duƙa ya gani, kuma ina da yaƙinin idan ya gan ni a naɗe a kan wannan 'yar sanda, bakinsa ba zai iya yin shiru ba.

Ya dubi kunyoyin, ya dube ni. Sai na ga abin da ya tsare shi. Mutumin da kake shimfiɗa wa tabarmar baƙi kana ce masa ranka shi daɗe, ba ka ce masa ya duƙa a gabanka. Ya ɗaure kansa da igiyar da ya tufka.

"A tsaya nan, ranka shi daɗe. A miƙe sosai."

Ya ɗauko siririn marke ya jingina a jikina, ya yi ɗage ya sa farce ya yi alama a daidai ƙahon zuciyata. Maƙeri ya saki zugazugi.

"A tsaye?" in ji shi. "Kai ne yau ke awo a tsaye?"

Kaka ya juya masa baya ya ɗauko gizago.

Sandar da ya aiko mini ban taɓa ganin aiki mai kyanta ba. Santsi kamar an lashe, ta sha mai, ya naɗe mariƙin da jar fata. Amma ta yi tsawo. In na kama ta sai in tsaya ƙiƙam, ƙwallo ta yi mini nisa, hancin ƙarfen ya ɗaga sama, dugadugin kaɗai ke taɓa ƙasa. Duk bugun da na yi sai ƙwallo ta kauce hagu. Bayana ya huta, amma ramin ya gagare ni. Abokan wasa suka sa mata suna sandar kiwo, suna tambayata ina na baro shanun.

Ban mayar da ita ba, ban kuma yi ƙorafi ba. Matata ce ta gaya wa Inna, Inna ta faɗa a bakin rijiya, magana ta isa maƙera. Maƙeri kuwa abin nema ya samu. Aka ce kullum da safe kafin ya hura wuta sai ya leƙa rumfa ya ce, "An ce ƙotar Funtua ba ta zauna ba." Kaka zai iya jure komai ban da a ce ƙota ta fita daga hannunsa ba ta dace da mai ita ba.

Bayan girbi, wata rana da azahar, na dawo daga ofis na tarar da shi a ƙofar gidana. Mutumin da ya tsani mota ya hau bayan babbar motar kaya tun daga Malumfashi, ga gizago a kafaɗa, ga ƙurar hanya har gira. Matata ta kawo ruwa ya sha, ta kawo abinci ya ce sai an gama abin da ya kawo shi.

"A kai ni inda ake aikin da ita, ranka shi daɗe."

Muka tafi filin, la'asar ta yi sanyi, babu kowa a ramin da ke kusa da hanya. Ya tsuguna ya ɗebi yashin nan mai baƙin mai ya murza, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. Ya leƙa ramin. Sannan ya ja da baya ya tsuguna irin tsugunon da na sani tun ina yaro, ya ce a buga ya gani. Na buga, ƙwallo ta bi hagu. Na sake, ta sake bin hagu.

"A ɗan duƙa, ranka shi daɗe."

Na lanƙwasa gwiwa.

"Ba a gwiwa ba, ranka shi daɗe. A ƙugu."

Na duƙa har kaina ya kusa taɓa mariƙin.

"A ɗan ɗago."

Na miƙe tsaye.

Na rantse da farko ba da gangan nake yi ba, sandar ce ba ta ba ni wurin tsayawa. Amma da na saci kallonsa na ga muƙamuƙinsa yana motsi, ya daina tauna goron, sai na ci gaba da gangan. Ya ce dama in yi hagu. Ya ce in saki kafaɗa in ɗage ta har kunne. Ya tashi ya zagaya ni, ya dawo ya tsuguna, ya sake tashi. Ranka shi daɗen ya fara fita da ƙyar, kamar ana ciro masa haƙori.

"Kai gwangwalar banza, ƙugu na ce maka!"

Ya ɗaka mini duka a gadon baya da tafin hannu, na duƙa daidai inda yake so. Ina duƙe ina kallon yashi, daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa, kuma ban yarda na ɗago ba don kada ya gani ya tuna fushinsa.

Daga nan aiki ya karɓe shi. Ya fizge sandar ya ajiye. Ya ce in tsaya a duƙen nan in saki hannuwa su rataya yadda suka ga dama, kada in miƙa su kada in naɗe su. Ya tsinci 'yar tsakuwa ya ɗora a karan hancina tsakanin ido da ido ya sake ta, inda ta faɗi ya ajiye ƙwallo a nan. Ya kawo sandar ya zaunar da ƙarfen daram a bayan ƙwallon, hanci da dugadugi duk a ƙasa, ya jingino itacen cikin tafin hannuna. Inda hannuna ya kama, nan ya yi alama. Ya warware fatar, ya sare sama da alamar, ya ce in gwada. Ya sake rage kaɗan, in sake gwadawa. Na ce ya yanke gaba ɗaya mana a huta. Ya ce abin da ya yanke ba ya komawa.

Da ya gama sai ga shi abin da ta fi ta Baturen bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Na yi mamaki. Ya ce, kamar da kansa yake magana, tsawon duk a ƙafa da wuya ya tafi, hannuwan kuwa dogaye ne, su ma suna cin nasu rabon. Tun daga ranar, duk dogon da ya tambaye ni a filin wace sanda zai nema, ina ce masa kada ya bi tsawonsa. Ya duƙa yadda bayansa zai iya daɗewa, ya saki hannu, idonsa a saman ƙwallo, sannan a auna daga tafinsa zuwa ƙasa. Na buga a gaban Kaka, ƙwallo ta tafi sak ta faɗa. Bai yaba ba, ya dai tsuguna yana mayar da fatar.

Amma a hanyar komawa gida ya yi gum. Na lura kamar yana jin haushin bakinsa da ya suɓuce. Ya ci abinci, ya yi wa matata wasa sama-sama, ni bai ce mini komai ba. Da safe na raka shi tasha. Na ce, "Turmi, in ɗaga ka ko za ka iya hawa?" Ya kama ƙarfen motar ya hau da kansa. Da ya zauna ya dube ni ya ce, "Sai wata rana." Babu ranka shi daɗe, babu gwangwala. Na dawo gida ban san matsayina ba.

Aka buɗe kasuwannin auduga, aiki ya sha kaina, kullum ina ƙauye. Ina ta cewa in an rufe zan je in zauna da shi. Ba a rufe ba saƙo ya zo cewa Kaka yana kwance, kuma Inna ta ce kada in jira Asabar.

Na isa da hantsi. Yana kwance a ɗakinsa a kan tabarma, ya rame har ban so kallon hannunsa ba. Inna tana zaune wajen ƙafarsa, maƙeri yana bakin ƙofa. Na durƙusa kusa da kansa na ce, "Kaka, ya jiki?" Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, tun daga gwiwa har hula. Na san duk abin da ya kira ni da shi yanzu, da shi zan zauna har tawa ta zo.

A garinmu idan mutum ya cika, karan dawa ake ɗaukowa a auna gawar, a karya daidai tsawonta a kai wa masu tonon kabari. Kaka ya juya ido wajen maƙeri.

"Dube shi," in ji shi, muryar can ƙasa. "Na gode Allah da zan riga wanga tafiya. Masu tonon nashi nake tausayi. Kara guda ba ya isa, sai an ɗaura biyu."

Na ce, "Naka kuwa, guntun da akuya ta ci ta bari ma ya yi yawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Maƙeri ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta ce, "Ku dai ji tsoron Allah," tana goge ido da bakin zane. Ya kamo hannuna ya riƙe, bai sake ba har barci ya ɗauke shi. Maganar garmar shanu ba mu tayar da ita ba, kuma na tabbata ya tafi yana ganin shi ke da gaskiya.

Washegari bayan azahar ya cika. Da aka gama wanka aka ɗauko kara daga danga, maƙeri ya karɓa ya miƙo mini. Na durƙusa na shimfiɗa shi a gefen Kaka, na sa babban yatsa a daidai kansa, na karya. Na miƙa wa masu tono rabonsu. Ragowar da ta saura a hannuna ta kusa kai wadda na ba su, har na buɗe baki zan ce masa ka gani ko, sannan na tuna.

Na gode wa Allah da ya ba ni shi, na gode da bai bar shi ya tafi yana girmama ni ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa kurakuransa, ya ƙara masa tsawo da faɗi a kan abin da na auna masa.